Rasuwar Robar Famfon Malam Bubayero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda in aka tace shi da rariya za a tarar fiye da rabinsa haushi ne, iyalan Malam Bubayero Tukur na cikin garin Gaya suke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar Robar Famfon tsakar gidansu. An tabbatar da cikawarta ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, bayan doguwar jinya da ta gajiyar da kowa ban da ita. Ta tafi ta bar mai gidan da karyayyiyar rantsuwa a wuya.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, wato kusan kowa, domin masu gidan ma sai ranar suka fara ganin fuskarta: 'yar baƙar roba ce mai zagaye, faɗinta bai kai murfin kwalbar lemo ba, da huda a tsakiya. Mazauninta can cikin cikin famfon ne, irin tsohon famfon tagullar nan na murɗawa. Aikinta a duniya guda ɗaya ne tak. In an murɗa famfo an rufe, ta zauna a bakin ramin da ruwa yake fitowa ta toshe shi. Ba a ce ta ɗebo ruwa ba, ba a ce ta tace shi ba, ba a ce ta kai wa kowa ba. Zama kawai aka nema a wajenta. Akwai mutane a garin nan da suka shekara talatin suna irin wannan aiki a kan kujera har aka sallame su da walima. Ita shekara tara ta yi, biyun ƙarshe ma da ƙorafi.

Ba a san asalinta ba. Cikin famfon ta zo, famfon kuma a Kano aka sayo shi shekarar da Malam ya ɗora tanki a kan ƙarfe a bayan ɗakin girki, ya tsaya a ƙofar gida ya shaida wa 'yan garuwa cewa shi da su sai dai gaisuwa.

Kamar yadda aka saba, iyali sun zauna domin tattara kyawawan halayen mamaciya. An daɗe ana kallon juna. Abin da aka iya samu shi ne, ba ta taɓa fita yawo ba. Ba a taɓa kama ta da ƙazanta ba, kasancewar a cikin ruwa take kwana take tashi. A shekara bakwai na farkon zamanta kuma ba wanda ya ji muryarta, abin da ba za a iya faɗa a kan kowa ba a gidan, musamman mai gidan. Daga nan aka rasa na huɗu, aka tashi.

Ciwon ajalinta ya fara ne a bazarar bara waccan, da kalma ɗaya.

"Ɗis."

Sai ta yi shiru mai tsawo, kamar mai magana a baki da ke jiran a tambaye ta. Har mutum ya manta, sai ta ƙara, "Ɗis." Ta fi son bayan azahar, daidai lokacin da Malam ya dawo daga makaranta ya ci abinci ya miƙe a tabarma ƙarƙashin rumfa. Marar lafiya na gaskiya ba ya zaɓen lokaci haka. Wannan na cikin abubuwan da har yau Malam yake riƙe da ita a kansu.

Ya kamata a nan a faɗi ko wane ne mai jinyar. Malam Bubayero shekararsa ashirin da uku yana koyar da darasin Fasaha a ƙaramar sakandare. Kowace shekara, a zango na biyu, yakan zana famfo a allo, a tsage gida biyu, da kibiyoyi suna nuna kowane sashe da sunansa. Waɗanda suka gani sun ce ba a taɓa zana famfo irin nasa ba tsakanin Gaya da Ajingi. Saboda haka jin ɗigon farko ke da wuya ya gane cutar: hannun mutane. Ya tara mai ɗakinsa Halima Sadiya da yara ya yi musu bayani cewa famfo ba ya ɗiga da kansa, ragwanci ne yake sa shi. Kowa sai ya murɗa rabi ya tafi kamar ana korar sa. Ya tashi ya nuna musu yadda ake rufewa, da hannu biyu, har jijiyar wuyansa ta fito.

Marigayiya ta yi shiru kwana biyu. Malam ya ɗauka sauƙi ne ya samu.

Da ta dawo, sai ta dawo da bibbiyu, "ɗis-ɗis, ɗis-ɗis." Malam ya naɗe hannun famfon da tsumma ya ƙara matsewa. Ta yi shiru kwana ɗaya. Ya sayo filaya ya rataye ta a ƙusa kusa da famfon, ta zama maganin safe da yamma. Halima Sadiya ta kawo robar wanki ta ajiye a ƙasa, roba ta shiga jinyar roba. Gansakuka ta yi kore shar a gindin bango. Agwagin maƙwabta suka gano hanya ta magudanar ruwa, suka mayar da gidan wurin yini. Tankin nan kuwa ba ya cika sai ranar da aka kawo wuta injin rijiya ya tashi, wutar kuma ba ta yi wa kowa alƙawari ba.

Haka aka yi ta lallaɓawa har ƙaramar sallar bana, ranar da Ɗantani ya zo gaishe da yayarsa.

Ɗantani ƙanen Halima Sadiya ne, mutumin Toranke, yanzu magidanci mai furfura a gemu. Sana'arsa gyaran famfo da haɗa bututu, kuma duk inda ruwa yake tsiyaya daga Gafasa zuwa Gaya lambarsa ake nema. A shekarar da Malam ya fara koyarwa, Ɗantani yana cikin ajinsa, kuma a jarrabawar Fasaha tara cikin ɗari ya ba shi. Malam bai taɓa barin wannan tara ta tsufa ba. Duk taron suna ko ɗaurin aure sai ya fito da ita ya karkaɗe ta.

Ranar suna zaune ƙarƙashin rumfa ana cin cincin, ga Iya Kellu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ga baƙi biyu daga makarantar Malam. Ɗantani ya karkata kai ya saurara kamar likita, ya ce ai robar ciki ce ta gaji, aikin minti biyu ne, sifana ma tana cikin akwatin babur. Da a nan ya tsaya, da wataƙila yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Sai ya ƙara da cewa Malam ya zauna ya huta abinsa, ya san alli nauyi ne da shi, su masu tara cikin ɗari su yi ƙaramin aikin.

Baƙin suka yi dariya, ɗaya har da ƙwarewa. Malam ya miƙe tsaye, da babbar rigar salla da hula zanna, ya nuna famfon da yatsa.

"Wallahi tallahi, ba mai taɓa famfon nan sai ni."

"Ɗis," in ji marigayiya.

Washegari da safe Malam ya fito ya tarar da Halima Sadiya zaune a kujerar tsugunno, bokitai huɗu a jere a gabanta, da tukunya, da butoci, duk wayam. Ya tambayi ko ruwa ne ya ƙare. Ta ce ruwa yana nan, shi take jira. Ta yi masa bayani cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa, cewa ita ba a yi mata tarbiyyar jefa miji cikin kaffara ba. Jiya da kunnenta ta ji ya kama sunan Allah cewa ba mai taɓa famfon sai shi, don haka ta ja wa yara kunne, ita ma ta ja wa kanta. Malam ya yi 'yar dariya ya ce haba, ai kowa ya san gyara yake nufi, niyyarsa ke nan.

"Ni ban ga niyya ba, Malam. Magana na ji."

Tun daga wannan safiya Malam Bubayero ya shiga hidimar da bai nema ba. Kafin ya tafi makaranta sai ya tsaya ya cika kowane mazubi a gidan, ya rufe, ya matse da filaya. Ana cikin hutun tara waya za ta yi ƙara: wanki ya cinye ruwa, a zo a buɗe. Ya hau babur ya zo ya buɗe, ya tsaya har a gama, ya rufe, ya koma aji da jiƙaƙƙen bakin wando. Yana zaune a majalisa ana tsakiyar musun siyasa, a aiko a ce tukunya tana kan wuta. Iya Kellu, wadda shekara tara tana shigowa ta ɗebi ruwanta ba ta nemi kowa ba, yanzu sai ta tsaya a zaure ta ɗaga murya yadda layin duka zai ji, ta tambaya ko mai famfon yana ciki. Kafin wata ya ƙare sunansa a unguwa ya koma Malam Buɗe. Har mai shayi.

Za a tambaya, me ya hana shi gyarawa tun a makon farko ya huta? Iyali suna da amsoshi. Asabar ta farko akwai takardun jarrabawa. Ta biyu an yi rasuwa a Gafasa. Ta uku sifanar da ya aro ta yi girma. Akwai kuma wata amsar da ba a faɗa a tsakar gida ba: a shekara ashirin da uku na tsaga famfo gida biyu a allo, Malam bai taɓa kwance na gaske ba, kuma a ransa yana zargin cewa abin da ke ciki ba lallai ya yarda da zanen ba.

A mako na huɗu ya bi Liman Maiwada bayan la'asar ya ce yana da tambaya a madadin wani abokinsa. Liman ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya ce a gaya wa abokin nan cewa rantsuwa niyya take bi. Tunda gyara ya nufa, iyalinsa suna iya buɗewa su rufe ba komai. Amma gyaran yana nan a wuyansa. Ranar da wani hannu ya gyara famfon da yardarsa, rantsuwa ta karye, sai kaffara. Da za su rabu ya ce a gaida abokin, a kuma tambaye shi ko har yanzu agwagin suna shigowa.

Malam ya kawo fatawar gida da sauri kamar mai albishir. Halima Sadiya ta ce Liman malaminta ne, ba ta ja da shi, amma ita a harkar sunan Allah ta fi son tsantseni. Ta kuma lura tunda aka fara wannan tsari ciwon wuyan hannunta ya tafi.

Duk wannan abin da ake yi, marigayiya ba ta nuna ko ɗigon kunya ba, duk da ɗigo ne sana'arta. Jikin ya rikice. Ta bar "ɗis" ta koma "tsululu", siririn zare na ruwa da ba ya yankewa. Robar ƙasa takan cika kafin a gama karin kumallo. Tanki ya fara ƙarewa kwana biyu kafin wuta ta dawo. 'Yan garuwa suka riƙa rage gudu in sun zo ƙofar gidan, suna kaɗa jarka a hankali. Ɗaya daga cikinsu ya gaishe da Malam da wata irin fara'a da ta hana shi cin abincin rana.

Ranar Alhamis ta mako na bakwai ya yanke shawara. Ya buɗe littafin da yake koyarwa da shi ya sake duba sunan abin, ya tabbatar washa ake ce mata. Bai je wurin masu sayar da kayan famfo ba, domin dukkansu abokan Ɗantani ne, kafin ya kai gida labari ya isa Toranke. Ya zagaya bakin tasha wurin masu kayan babur, inda ba wanda zai kawo komai a ransa, ya ce a ba shi washa. Mai shago ya zuba masa su a tafin hannu, ƙarafa masu zagaye da huda a tsakiya, suna ƙyalli. Malam ya ce shi a saninsa ta roba ce. Mai shagon ya ce shekararsa goma sha biyar yana sayar da washa bai taɓa ganin wanda ya fi son roba a kan ƙarfe ba. Malam ya auna maganar ya ga hankali a cikinta. Roba ce ta ci amanarsa. Ƙarfe ba ya gajiya, ba ya tsagewa, ba ya tsululu. Ya zaɓi ɗaya daidai girman zanen, ya dawo gida yana tsara yadda zai gaya wa 'yan aji uku cewa masu rubuta littafi ma akwai inda tunaninsu ya tsaya.

Ranar Juma'a aka kawo wuta, tanki ya cika har ya yi ambaliya. Ruwan mako guda cur.

Asabar da hantsi Malam ya ɗaura tsohon wando da singileti, ya kife bokiti ya buɗe littafi a kai, ya jera sifana da filaya da sabuwar washa. Sai ga sallamar Ɗantani. Wai yayarsa ce ta ce ya kawo mata gyaɗa. Ya gaishe da Malam har ƙasa, ya ja kujera ƙarƙashin rumfa, ya zauna, ya cusa hannuwansa biyu a hammata. Ya ce kada a damu da shi, yana tsoron kada hannunsa ya zame ne ya taɓa wani abu.

Malam bai kula shi ba. Ya kafa sifana a wuyan famfon ya ja. Ko gezau. Ya canza tsayuwa, ya dafa bango da ƙafa ɗaya, ya yi bisimilla, ya ja da duk abin da shekara hamsin da biyu suka bar masa. Kan famfon ya yi ƙara ya juya. Ya ci gaba da warwarewa da yatsu, har ya fara murmushi.

A nan ne aka gane bambancin famfon littafi da na gida. Na littafi ba shi da tanki a bayansa.

Kan famfon ya yi tsalle ya bar hannunsa. Ruwa ya taso ya same shi a ƙasan haɓa, ya cire masa tabarau, ya bi ta hanci. Ya lalubo bakin ya danne da tafin hannu, ruwan ya rabu gida biyar ta tsakanin yatsunsa, kashi ɗaya a kan littafi, kashi ɗaya a kan shanya, sauran a kansa. Ya ce wa Halima Sadiya ta yi maza ta rufe makullin tanki. Ta tambaya, tana tsaye a inda ruwan bai kai ba, ko makullin ba ya cikin hukuncin famfo, tunda bututunsu ɗaya. Ya ce ba ya ciki. Ta ce to alhamdulillahi, sai dai ita ba ta san inda yake ba. Shi ma, da ya tuna, bai sani ba. Wanda ya haɗa tankin shekara tara da suka wuce yana zaune a kujera da hannuwa a hammata.

Ɗantani ya ce makullin yana nan inda ya bar shi, amma mariƙin makullin ya daɗe da karyewa, sai da dabara yake juyawa. Kuma a sana'arsu wanda ya tsayar da ruwa ya riga ya fara gyara. Shi ba zai so a ce ta dalilinsa mijin Yaya ya shiga kaffara ba.

Iya Kellu ta shigo da bokitinta, ta duba, ta tara shi a inda kashi mafi kauri yake sauka. Ta ce yau dai an huta da sallama.

Tsakar gida ta zama tafki. Littafin Fasaha ya kumbura ya zame daga kan bokiti. A lokacin ne aka ga wani baƙin abu ya fito daga inda kan famfon ya faɗi, ruwa yana jan sa a hankali zuwa magudana. Marigayiya ce. Agwagwa ɗaya ta tare ta, ta ɗauka a baki, ta juya ta, ta tofar. Daga sama kuma tanki ya fara wata irin ƙara ta cikin da ke zazzagewa, ruwan mako guda yana bin ƙafafun Malam yana fita titi, inda 'yan garuwa biyu suka riga suka ajiye kurarsu suna leƙe.

Malam ya dubi ruwan, ya dubi mai ɗakinsa, ya dubi sama.

"Ɗantani," ya ce. "Taɓa."

"Na'am, Malam? Ƙarar ruwa ta yi yawa."

"Na ce ka taɓa. Don Allah."

Ɗantani ya zare hannuwansa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe yatsu, ya zagaya bayan ɗakin girki ya ɗaga wani dutse. Ruwan ya rage, ya rage, ya tsaya. Ya dawo ya tsinci sabuwar washar a cikin taɓo, ya ɗaga ta a rana, ya tambaya babur ɗin waye ba shi da lafiya. Ya ce da an sa wannan, da ta cinye mazaunin tagullar, ruwa kuma ko gaisawa da ita ba zai tsaya yi ba, domin abin da ake nema a wurin mai laushi ne da zai lotsa ya toshe. Shi kuma bai zo da roba ba, tunda gyaɗa aka ce ya kawo. Ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya sauka a ƙafar Malam.

Silifar hagu aka ɗauka. Ɗantani ya tsinto gawar ya ɗora ta a kan dunduniyar silifar ya zagaye da reza, ya fere kaurin, ya huda tsakiya da ƙusa. Ya zaunar da ita a gurbin marigayiya, ya ɗaure ɗan notin da ke riƙe ta, ya mayar da kan famfon, ya buɗe makulli. Ya rufe famfon da yatsa biyu, kamar mai ɗaukar gishiri. Aka saurara. Ba a ji komai ba sai ruwan da ke ɗiga daga singiletin Malam.

Shi ne kuma ya duba gawar. Ta baje kamar ƙosan da aka taka, gefenta ya tsage, ga wani zurfin zobe da bakin tagulla ya yanka a jikinta. Halima Sadiya ta tambaya ko tsufa ne.

"Ba tsufa ba ne, Yaya. Kashe ta aka yi."

Ya ce irin wannan roba in an bi ta a hankali tana iya ƙara shekaru. Ɗigon farko ƙila ɗan yashi ne ya shiga. Amma duk matsar da aka yi mata yanka ce, kuma wannan an yi mata da ƙarfin da ya wuce na hannu. Ba wanda ya tambayi ko waye. Kowa ya dubi hannun famfon, inda haƙoran filaya suka bar tarihi. Ɗantani bai ambaci tara cikin ɗari ba. Da ya ambata, da abin ya fi sauƙi.

Marigayiya ta rasu ta bar famfon tagulla, wanda ya ji jiki amma yana tsaye. Ta bar robar wanki da ta yi jinyarta, yanzu ta koma bakin aikinta. Ta bar gansakuka cikin mawuyacin hali, da agwagi bakwai da suka zo jiya suka zagaya suka fita ba su yi wa kowa magana ba. Ta bar washar ƙarfe, wadda ba ta yi aikin ko minti ɗaya ba kuma har yanzu ita ta fi kowa ƙyalli. Ta bar silifar hagu da rami a dunduniya. Magajiyarta ba 'yar kowa ba ce, rayuwarta duka a ƙarƙashin ƙafa ta yi ta, tsakanin ɗaki da banɗaki. Kwana shida ke nan tana kan aiki ba a ji bakinta ba.

Ana roƙon duk wanda marigayiya ta ɓata wa ya yafe mata. Malam ya ce shi a ba shi lokaci.

Game da kaffara, Malam ya koma wurin Liman Maiwada, wannan karon a madadin kansa, ya nemi ya yi azumin kwana uku, kasancewar azumi abu ne tsakanin bawa da Ubangijinsa, unguwa ba ta ciki. Liman ya ce azumi na wanda ba shi da halin ciyarwa ne, mutumin da ya ɗora tanki a kan ƙarfe kuwa ba ya cikinsu. Miskinai goma zai ciyar. Ya dai sassauta masa cewa yana iya auna hatsi ya aika wa kowa gidansa a rufe. Sai dai mabuɗin ɗakin hatsi yana hannun Halima Sadiya, ita kuma a ganinta dafaffe ya fi shiga rai, har ta riga ta aika an gaya wa mutanen.

Jana'iza za ta kasance kamar haka, in Allah ya kai mu. Ba za a yi mata wanka ba, wanda ta yi ya isa. Ba likkafani. Maganar salla an tuntuɓi Liman, wani kallo kawai ya yi wa mai tambayar. A yanzu gawar tana cikin kwalin ashana a kan tagar ɗakin girki ga mai son ganawa. Malam ya so ya kai ta aji a matsayin kayan koyarwa, aka tuna masa cewa yara za su tambayi abin da ya kashe ta, sai ya janye. Za a kai ta bolar da ke bayan gidan gobe Asabar bayan azahar. Ba a buƙatar rakiya.

Za a ciyar da mutum goma a ƙofar gida, shinkafa da wake da rana, tuwon masara da miyar kuka kafin magariba. Shida daga cikinsu 'yan garuwa ne. Ɗantani ya nemi a sa sunansa, an duba ba a ga ya cancanta ba, amma ya ce zai zo ya taya su zama.

Masu zuwa ta'aziyya za su samu ruwan alwala a famfon. A murɗa da yatsa biyu, in ruwa ya tsaya a tsaya. Kowa yana iya taɓawa. Shi Malam Bubayero za a same shi a tabarma can gefen zaure, da butarsa a cike, mai ɗakinsa ce take cika masa yanzu. Ita ba ta rantse ba. Cewa kawai ta yi kada ta ƙara ganin sa kusa da famfon nan, kuma ga dukkan alamu ba za a kai ga ciyar da kowa a kan tata maganar ba.

Sanarwa daga Bubayero Tukur, Gaya, a madadin iyalin da ba su sa shi ba.